Shatar bas daga Zariya zuwa taron addu'a a Abuja: direba ya yi, ofishin ne dai sai a hankali

Masu tambayata a kan motar da muka yi shata zuwa Abuja sun yi yawa, musamman matan zumunta, kullum in an tashi daga sujada sai wata ta ja ni gefe wai nawa kuka biya, motar tana da kyau, direban yana gudu ko ba ya gudu. To bari in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta mu huta. A taƙaice, direban da aka ba mu ko gobe aka ce in bi shi zan ɗauki jakata, amma ofishin da suka ba da motar sai na ga komai a rubuce kafin in tura musu ko sisi. Ba zan kama sunansu ba, irinsu suna da yawa a Zariya da Kaduna, kuma daga abin da na ji a bakin mutane kusan halinsu ɗaya ne.

Abin da ya kai mu shi ne sujadar nan ta addu'a domin ƙasa da ake yi duk shekara a Cibiyar Kirista ta Ƙasa, a Lahadin da ke daf da 1 ga Oktoba, wadda ɗariku duka suke haɗuwa a ƙarƙashin CAN, ƙungiyar Kiristocin Najeriya. Mama, wato mahaifiyar Baban yara, ta daɗe tana kallon abin a NTA tana cewa ita dai kafin ƙafa ta gama ƙi tana so ta shiga ginin nan ta durƙusa ta yi wa ƙasar nan addu'a da bakinta. Yara kuma ba su taɓa ganin Abuja ba sai a littafin makaranta. Sai muka ce a haɗa biyun, a je addu'a a kuma buɗe ido. Mu tara ne, ni da Baban yara da yaranmu huɗu, da Mama, da ƙanwarsa da ɗanta.

Wasu sun ce me ya sa ba mu bi jirgin ƙasa ba. Mun duba. Jirgin daga Rigasa yake tashi, ke nan sai mun fara kwasar kanmu daga Zariya zuwa Kaduna, sannan in ya sauke mu a Kubwa ko Idu har yanzu ba mu shiga gari ba, ga kula biyu ta abinci, ga Mama da gwiwa. Kuma matsalar ba zuwa Abujar ba ce, zirga-zirga a cikinta ce. Garin nan ba a yi shi don mai tafiya a ƙasa ba. An hana acaɓa a tsakiyar birni tun 2006, keke ma ba ya bin manyan tituna, tsakanin wannan wuri da wancan kuwa tafiya ce mai nisa ba inuwa. Mutum tara in za ku ɗauki tasi sai mota uku a duk fita, a raba yara a motocin da ba ka san direbobinsu ba, a garin da kowa ke ba ka labarin 'yan wan cans, masu yi wa fasinja fashi a cikin mota. Ni kam na ce a'a. Gara mota ɗaya, direba ɗaya, daga ƙofar gida zuwa ƙofar gida.

Ni na yi cinikin don Baban yara ba ya samun zama. Duk ta WhatsApp muka yi da mai ofishin. Ya turo min hoton Toyota Hiace fara sol irin mai dogon kai da ake ce wa Homa, kujeru da leda a jiki, ya ce esi har baya. Na tambaye shi kuɗin ya haɗa da me, ya ce Madam komai da komai, ku dai ku shiga ku zauna. Wannan komai da komai ɗin ku riƙe shi, za mu dawo kansa. Na tura rabin kuɗi kafin alƙalami, ya ce ƙarfe 6 na safiyar Asabar mota tana ƙofar gida. Farashin kansa ba zan rubuta ba, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin shata ba ya zama wuri ɗaya, abin da na biya ba shi za ki biya ba.

Ƙarfe 6 muna tsaye da kaya a waje, Mama ta ci ɗamara tun asuba. Shida da rabi shiru, bakwai shiru, wayar oga tana ta ringin ba ya ɗauka. Sai wajen takwas saura ga wata bas ta shigo layi, Hiace ce dai amma ba ta hoton ba, wannan ta ga jiya ta ga yau. Da oga ya ga dama ya ɗauki waya sai ya ce wai waccan ta kai 'yan biki Kano ba ta dawo ba, amma wannan ma lafiyarta ƙalau. Ƙofar gefe ba ta buɗuwa ta ciki sai ta waje. Kujerar baya ta ƙarshe an ɗaure bayanta da waya, in ka jingina sosai sai ta kwanta da kai. Esi kuwa iyakarsa kujerar direba da layin farko, daga nan zuwa baya kamar gidan burodi in rana ta take. Na so in ce a mayar min da kuɗina, amma ina za mu samu wata a safiyar, ga tsohuwa ta riga ta yi sallama da maƙwabta.

Abin da ya kwantar min da hankali direban ne. Dattijo ne haka, bazazzagi, da 'yar furfura a gemu da carbi rataye a madubi. Bai tsaya kare ogansa ba. Ya gaida Mama har ƙasa, ya ce a yi haƙuri, shi ma sai daren jiya aka ce masa shi zai yi tafiyar kuma da safe sai da ya je ya canza taya ɗaya da bai yarda da ita ba, shi ya sa ya makara. Ba wanda ya tambaye shi ya kira Baban yara ya ce Oga zo ka gani, ya nuna masa tayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe but ya nuna safaya da jak, ya ciro sandar bakin mai ya nuna. Ya ce jikinta ne ya tsufa amma inji da birki na ɗauki alhakinsu. Sannan da kansa ya tsara zama, Mama a layin farko kusa da ƙofa inda esi ke kaiwa, ya ɗauko wani ɗan benci na katako daga ƙarƙashin kujera ya ajiye mata ta taka ta hau. Bencin nan duk tafiyar nan, duk inda aka tsaya, kafin Mama ta motsa ya zagayo ya buɗe ƙofa ya ajiye shi. Ba a cikin ciniki yake ba.

Da za mu tashi Baban yara ya ce bari mu yi addu'a. Malam ya cire hannu daga makulli ya jira har muka ce amin, shi ma ya yi bisimillarsa, muka kama hanya.

Tuƙinsa ba abin da zan ce. Zariya zuwa Kaduna lafiya lau, ya bi ta baifas bai shiga cikin gari ba. Da muka kai Gonin Gora ya tsaya a gidan mai ya juyo ya ce duk mai fitsari ya yi yanzu, yaro ko babba, don daga Kakau har mu wuce Rijana da Katari ba zan tsaya ba ko wa ya yi kuka. Kowa ya san dalili, ba sai an faɗa a gaban yara ba. Kuma haka ya yi, auta ya yi ta ƙorafi wajen Doka, Malam ya ce yi haƙuri maigida saura kaɗan, bai tsaya ba sai Jere. Hanyar Kaduna zuwa Abuja kuwa wanda ya bi ta ya sani, aikin da aka fara tun 2018, nan a mayar da ku hannu ɗaya da masu tahowa, can a sake mayar da ku, ga tireloli da tankoki musamman wajen Tafa inda suke fakin hagu da dama. Direbobin haya suna ta wuce mu fuu suna shiga gaban manyan motoci, shi ko a jikinsa. Ƙanwar Baban yara da ke son gudu har ta ce Malam ko za a ɗan taka, ya ce Anti ai kaya masu tsada na ɗauko.

Inda ya fara nuna mana ya san aikinsa fiye da tuƙi shi ne Dutsen Zuma. Tun daga nesa yara suka fara ihu, shi kuwa bai tsaya inda muka ce ba, ya ce ku bari, ya ƙara gaba zuwa wani wuri da ake ganin fuskar nan da ke jikin dutsen sosai, idanu biyu da hanci da baki. Ya ciro naira 100 daga aljihu ya miƙa wa babbar 'yata ya ce juya baya ki duba. Yarinyar nan ta kalli kuɗi ta kalli dutse ta kalli kuɗi, bakinta a buɗe. Ƙarshen damina ne, gajimare ya sauko ya rufe kan dutsen, ga layin ruwa baƙi-baƙi ya gangaro ta jikinsa. Shi ne ya gaya wa yara cewa dutsen ba a cikin Abuja yake ba, jihar Neja ne, kuma Suleja da muka bari a gefe ita ce Abuja ta asali, da aka yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976 zamanin Murtala sai aka ɗauki sunan aka ba sabon gari. Gwamnati kuwa ba ta taso daga Legas ba sai 12 ga Disamba 1991 lokacin Babangida. Ya ce shi yana yaron mota lokacin, sun sha kawo kaya ana gini, wuraren da ke da benaye yanzu duk gonakin doyar Gwari ne. Ga matan Gwarin ma muna gani a bakin hanya da kaya a kafaɗa ba a ka ba, yara suna ta mamaki.

Da muka shigo Madalla Mama ta tambaya ko nan ne aka sa bom a cocin Katolika na St. Theresa ranar Kirsimetin 2011. Malam ya ce nan ne Mama, ya rage gudu ya nuna da hannu ta inda cocin yake. Motar ta yi tsit, Mama ta yi addu'arta ƙasa-ƙasa, muka wuce Zuba.

Masauki da farko wani ɗan'uwa ya ce mu sauka Mararaba ya fi araha. Malam ne ya hana tun muna hanya. Ya ce Mararaba da Nyanya ta ɓangaren Keffi suke, mu da muka fito daga Kaduna sai mun ratsa gari gaba ɗaya, kuma goslon hanyar nan safe da yamma zai cinye mana rabin yini. Ya ce mu nema a Kubwa, daga can titi ne mai layi goma har cikin gari, kuma ranar komawa muna fita mun kama hanyar gida. Haka muka yi, muka samu wani ƙaramin masauki ɗaki uku, ba laifi, akwai ruwa, ana tada janareta da dare zuwa wani lokaci. Ba a kansa nake rubutu ba don haka na wuce.

A nan ne komai da komai ya fara warwarewa. Da dare Baban yara ya fita ɗauko caja a mota sai ya tarar da Malam ya shimfiɗa darduma a kujera zai kwana, ga sauro ga ruwa ana yayyafi. Ashe ofis ba su ba shi kuɗin kwana ba, ba su ba shi na abinci ba, wai ai masu shata ne ke yi. Mu kuma ba wanda ya gaya mana. Shi kuma kunya ta hana shi magana, tun rana biskit da fiya wata ne a cikinsa sai abin da muka miƙa masa a hanya. Raina ya ɓaci ba kaɗan ba, mutumin da rayukanmu ke hannunsa a bar shi ya kwana a kujera sannan gobe ya tuƙa yarana? Muka kama masa ɗaki, kuma daga ranar tare muke ci. Na kira oga, ya ce Madam ai haka ake yi ko'ina. To in haka ake yi me ya hana ka faɗa lokacin da na tambaya?

Na biyu man yawo. Da safe Malam ya ce da Baban yara, a hankali yana sosa ƙeya, man da aka ba shi na zuwa da dawowa ne kawai, zagayen cikin gari ba ya ciki. Wato mota tana Abuja, direba yana Abuja, amma in za ta motsa daga Kubwa zuwa coci sai mun sa mai. Ni da na ce wa oga baki da baki za mu kai yara wurare. Muka sa, me za mu yi. Abin da zan yaba, Malam ya ce Baban yara ya zauna gaba ya ga lita da idonsa, ya karɓi risit ya miƙo mana, kuma da muka dawo gida ya nuna inda allura ta tsaya ya ce ragowar naku ne ku gaya wa oga ya cire.

Yammacin Asabar ɗin dai mun samu zuwa tafkin Jabi. Yara sun hau doki a filin bakin ruwa, manyan biyu sun so shiga kwalekwale Mama ta ce ba da jikokinta ba, magana ta ƙare. Sai muka shiga babban kantin da ke gefen tafkin, ba sayayya ba gaskiya, kallo, auta ya hau matakalar nan mai tafiya da kanta ya sauka ya sake hawa har sai da na ja kunnensa. Abinci a wurin ba na mai iyali tara ba ne, mun koma mota muka buɗe kularmu, dafa-duka da soyayyen nama da zoɓo.

Lahadi ita ce ranar. Lokacin sujadar yana canzawa, wata shekara da safe wata da rana, sai ku saurari sanarwa kafin ku tsara. Tamu da rana ce, don haka Malam ya ce mu fita da wuri mu zaga tsakiyar gari tunda Lahadi tituna fayau suke, ma'aikata duk suna gida. Wannan shawara ita ta fi komai amfani a tafiyar. Cikin ɗan lokaci ya bi da mu ta sakatariyar tarayya, Dandalin Eagle inda ake rantsar da shugaban ƙasa tun 1999, ya nuna mana koren ƙubbar Majalisar Tarayya daga nesa da Kotun Ƙoli, ga Dutsen Aso a bayansu. Tun kafin mu kai ya gargaɗi yara cewa a nan ba a ɗaga waya a ɗauki hoto, ba a kuma tsayawa, ku kalla da ido kawai. Direban da bai san gari ba da nan zai ja mana magana da masu kaki. Ya san inda ake juyawa da inda ba a juyawa, ya san titin da bas irin tamu za ta shiga a tare ta.

Daga nan sai Millennium Park a Maitama, wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta buɗe a Disambar 2003 lokacin taron ƙasashe renon Ingila. Fili ne babba da ciyawa da bishiyoyi, ga rafi ya ratsa ta ciki, yara suka yi ta gudu, mu muka shimfiɗa zani a inuwa muka yi 'yar sujadar safe ta iyali tunda ba mu je coci ba. Kusa da wurin akwai Unity Fountain, da sunayen jihohi a jiki, yara suka yi ta neman Kaduna. Ƙanwar Baban yara ce ta tuna mana a nan ne masu neman a dawo da 'yan matan Chibok suka riƙa zama tun 2014. Mama ta san wasu matan cocin EYN da abin ya taɓa danginsu, ta ce to ai ga abin da ya kawo mu, a tashi mu tafi kar mu makara.

Cibiyar tana tsakiyar gari kusa da ginin Babban Banki, kuma in ka tsaya a harabarta kana hango ƙubbar zinariya da hasumiyoyi huɗu na Babban Masallacin Ƙasa. Saboda manyan gwamnati suna zuwa, tsaro ya yi tsanani, an tare hanya tun daga nesa ana cewa motoci su yi fakin can mutane su taka. Mama ba za ta iya wannan tafiyar ba. Malam ya sauke gilashi ya yi wa jami'in magana cikin ladabi, ya nuna masa tsohuwa da sandarta da ankon Zumuntar Mata, ya ce sauke ta kawai zan yi in fito, ga lasisina riƙe. Jami'in ya leƙo ya gaida Mama ya ce wuce. Har bakin get ya kai mu, ya ajiye benci. Kafin mu shiga ya ce a tsayar da wurin haɗuwa yanzu don in an tashi waya ba za ta shiga ba saboda taron jama'a, ya nuna wata kwana ya ce nan za ku same ni. Baban yara ya ce Malam za ka gaji da jira fa, ya ce haba Oga, ga masallaci can, zan yi azahar da la'asar, ai namu na ƙasa mun yi tun ranar Juma'a, yau naku ne.

Ginin kam gani ya kori ji. A talabijin ba ka gane tsayinsa. Ginshiƙai sun tashi sun lanƙwasa sun haɗe can sama, tagogi masu gilashi kala-kala, ja da kore da rawaya, hasken rana na ratsowa yana zuba a kan mutane. Ya daɗe a yashe ba a gama ba, sai zamanin Obasanjo lokacin da Akbishop Peter Akinola ke shugabancin CAN aka tashi tsaye aka kammala, aka keɓe shi a Oktobar 2005. Bagaden a tsakiya yake ba a gaba ba, kuma an ƙera shi ne yadda zai riƙa juyawa a hankali, zagaye ɗaya cikin minti 10, yarana biyu sun kafa masa ido suna gardama ƙasa-ƙasa ko ya motsa ko bai motsa ba har sai da babansu ya harare su. Sujadar da Turanci ake yi, wannan ku sani in za ku kai tsofaffi. Ni na zauna kusa da Mama ina raɗa mata abin da ake cewa, yanzu ana addu'a don shugabanni, yanzu don sojoji da 'yan sanda, yanzu don zaman lafiya, ana kiran shugabanni daga rukunonin CAN ɗin nan biyar, Katolika, da CCN na su Angilikan da Methodist, da Fentikos, da OAIC na coci-cocin da 'yan Afirka suka kafa, da namu na TEKAN da ECWA. Amma da aka kaɗa babbar molon nan mai bututu aka ɗauki wata tsohuwar waƙar sujada, ba ta bukaci fassara ba, muryar ɗaya ce da ta littafin waƙoƙinmu, sai ta kama da Hausa da ƙarfinta mutanen gefe suna yi da Turanci. Wata mata a bayanmu da ashe 'yar Filato ce ta ji ta sai ita ma ta koma Hausa. Jawabin manya ya ɗan yi tsawo, yara sun gaji, ku tafi musu da ruwa da ɗan abin taɓawa a ƙaramar jaka, ana bincike a ƙofa amma ba su hana mu ba.

Muna fitowa ruwa ya kece. Jama'a ta ko'ina, jiniya, ayarin manya suna fita an tsayar da kowa, waya kuwa kamar yadda ya faɗa ba ta shiga. Muna isa kwanar nan sai ga Malam tsaye da lema biyu, ɗaya aro ya yi wajen wani direba, wandonsa ya jiƙe har gwiwa. Ya riga ya juya motar ta fuskanci hanyar fita tun kafin a tashi, don haka muna shiga muka sulale, waɗanda suka yi fakin a ciki muna ganinsu a maƙale. Da daren ya kai mu cin gasasshen kifi a kasuwar mami ta barikin Abacha, ya ce in ba ku ci kifin nan ba ba ku zo Abuja ba. Kifi ya yi daɗi, yaji ya yi wa yara yawa, ku ce a rage tun kafin a ɗora.

Litinin mun tsara kai yara gidan namun daji na Asokoro da ke bayan Dutsen Aso, in lokaci ya ba mu mu leƙa Ushafa wajen masu ginin tukwane inda Bill Clinton ya ziyarta a 2000, tunda ba nisa da Kubwa. Tun ƙarfe 6 oga ya fara kiran Malam, wai akwai wasu masu shata da yamma, lallai mota ta kasance a Zariya kafin azahar. Mu kuwa har yammacin Litinin muka yi ciniki. Baban yara ya karɓi wayar suka yi ta sa-in-sa, oga ya ce in mun wuce azahar akwai kuɗin jira. Malam ya tsaya tsakiya, ga mai ba shi abinci ga mu. Ya ce gaskiya Oga in kun ce a je gidan zu zan kai ku, amma ni zan sha faɗa, kuma in muka yi rana sosai ba na son duhu ya same mu wajen Katari. Don shi muka haƙura. Yara sun yi kuka, auta bai yi wa kowa magana ba har Zuba, inda Malam ya tsaya ya sayo masa ayaba da kuɗin aljihunsa. A Tafa muka sayi doya, shi ya yi mana ciniki, ya ce ku yi shiru in kuka buɗe baki za a ji ku baƙi ne.

In aka ce in ba da maki, direba goma bisa goma, mota biyar saboda inji da birki ba su ba mu matsala ko sau ɗaya ba, ofis kuwa uku ma na yi musu kara. Wadda za ta yi irin tafiyar nan, kar ki yarda da hoto, ki je ko ki aiki wani ya ga motar da lambarta ana gobe tafiya, ya zauna a kujerar ƙarshe a kunna esi ya ji. Ki sa a rubuta miki a saƙo cewa man yawon cikin gari yana ciki ko ba ya ciki, wa zai biya kwanan direba da abincinsa, da ranar dawowa da ƙarfe nawa, kuma ki tambaya ko direban ya san Abuja ciki da bai, ba tashar Zuba ko ta Jabi kawai ba, don akwai masu kai fasinja kullum da ba su taɓa shiga Maitama ba. Ciko kuma ki riƙe shi sai an sauke ku a gida.

Mu da muka zo biyan cikon na cire kuɗin ragowar mai da na rabin yinin da aka yanke mana, na tura wa oga lissafi da hoton risit. Ya yi ta turo saƙon murya, ƙarshe dai ya ce shi ke nan Madam Allah ya bar zumunci. Abin da muka ba Malam daban muka ba shi a hannu ba ta ofis ba. Matan zumunta yanzu suna maganar haɗa kuɗi a ɗauki Coaster baɗi a tafi gaba ɗaya, sun ce ni zan yi ciniki tunda na san hanya, na ce na yarda amma da sharaɗi, sai an kawo motar harabar coci Mama Fasto ta shiga ta zauna a kujerar baya tukuna.